Hayar mota a Turai: inda take da amfani da inda take cin kuɗin baƙo

Tambaya: Malam, ni da iyalina muna shirin hutun mako biyu a Turai. Za mu sauka Italiya, mu ratsa Austriya da Suwizalan, mu leƙa kudancin Jamus, wataƙila daga baya mu tsallaka Ingila. Na daɗe ina tuƙi, amma ban taɓa riƙe sitiyari a ƙasar waje ba. Ya dace in ɗauki hayar mota? Waɗanne takardu ake nema, me zan kiyaye a hanya, kuma ina ne motar za ta fi yi mana rana wajen yawon buɗe ido?

Amsa: Ya dace, ɗan'uwa, amma ba don tafiyar gaba ɗaya ba. A ƙasashen nan mota ta karkara da duwatsu ce. Cikin manyan birane irin su Rum, Milan, Florence, Munich da Landan kaya ce kawai za ka ɗora wa kanka. Kuma ka sani tun yanzu, mafi yawan kuɗin da baƙi ke asara ba haɗari ne ke cinye shi ba. Takardar da suka sa wa hannu ba su karanta ba ce, da allon da suka wuce ba su gane ba alhali kyamara na kallon su. Iya tuƙi ba ya kare mutum daga waɗannan biyun, shi ya sa a kansu zan fi tsayawa.

Takardu huɗu za a nema a teburin kamfani: fasfo, lasin ƙasarka na asali, lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, da katin banki. Lasin ƙasa da ƙasa ba ya aiki shi kaɗai, fassarar lasinka ce, dole su tafi tare, kuma a ƙasar da ta ba ka lasi ake yin sa kafin ka tashi. Iri biyu ne aka fi amfani da su: na yarjejeniyar Geneva ta 1949 mai shekara ɗaya, da na yarjejeniyar Vienna ta 1968 da kan kai shekara uku. Italiya na bukatar shi, ko fassarar lasi ta hukuma, daga yawancin waɗanda lasinsu ba na Tarayyar Turai ba ne. Wani ma'aikacin zai miƙa maka makulli bai tambaya ba, amma ɗan sanda zai tambaya, kamfanin inshora ma zai tambaya ranar da tsautsayi ya faɗa. Yawancin kamfanoni na so lasi ya shekara a hannunka, kuma suna ƙara kuɗi kullum ga direban da bai kai shekara 25 ba.

Katin banki shi ne ke mayar da mutane da yawa baya. Dole sunan da ke kan katin ya zama na babban direba, kuma kamfanoni da dama katin bashi kawai suke karɓa, ba katin cirar kuɗi na yau da kullum ba. A kan katin za su riƙe kuɗin jingina har ka dawo da mota, saboda haka ka tabbata katin na da sararin da zai ɗauki wannan riƙon, bankinka kuma ya buɗe shi don amfani a waje. In maiɗakinka ko wani zai karɓe ka a hanya, a rubuta sunansa a yarjejeniya. Wanda ba a rubuta ba in ya goge mota, inshora ta tashi a banza.

Sai inshora, inda ake yi wa baƙo wayo cikin ladabi. Farashin da ka gani a intanet yawanci ya haɗa da kariyar ɓarnar mota da suke kira CDW, amma wannan ba ta ɗauke maka duka asara ba. Akwai kason farko na kuɗin gyara da ke wuyanka, wanda sau da yawa yakan haura Yuro 1,000. Bayan haka kariyar ba kasafai take shafar taya, gilashi, ƙarƙashin mota, rufi, ɓatan makulli da zuba man da ba nata ba. Hanya biyu ce ta rage wannan kaso. Ko ka sayi cikakkiyar kariya a wurin kamfanin, mai tsada amma ba jeka-ka-dawo, ko ka sayi ta wani kamfanin inshora daban, mai sauƙi, sai dai in an yi ɓarna kamfanin haya zai cire kuɗinsa daga katinka, kai kuma ka bi diyya da rasit da hotuna. Ga mai iyali da zai shiga ƙananan lungunan Italiya da kwanonin duwatsu karon farko, ta farkon ta fi kwanciyar hankali. Araha ba ta ado. Ka yanke shawara tun a gida, domin a teburin filin jirgi, da gajiya da yara na kuka, duk abin da aka karanto maka amincewa za ka yi.

Wajen zaɓen mota, galibin motocin haya masu sauƙi a Turai masu giyar hannu ne. In otomatik ka saba, ka kama ta da wuri, ba su da yawa kuma sun fi tsada. Kada ka ɗauki ƙatuwa. Tituna da wuraren ajiye mota na tsofaffin garuruwa matsattsu ne, matsakaiciya wadda but ɗinta zai haɗiye jakunkunanku duka a rufe ita ce daidai. Ka zaɓi tsarin mai na karɓa cike, mayarwa cike. Ka gaya musu duk ƙasashen da za ka shiga a rubuta, don wasu na cajin tsallake iyaka, wasu kuma na hana manyan motocinsu shiga wasu ƙasashe. Ɗaukar mota a Italiya a ajiye ta a Jamus na jawo caji mai nauyi ƙwarai, gara ka tsara tafiyar ta zama zagaye, ka fara a Milan ka ƙare a Milan. Yara kuma dole kujerarsu: a Jamus da Suwizalan duk yaron da bai kai shekara 12 ba kuma tsayinsa bai kai santimita 150 ba sai da ita.

Kada ka karɓi mota ranar da ka sauka daga jirgin dare. Ka kwana, ka yi kwanakinka na birni da ƙafa da jirgin ƙasa, ka karɓe ta ranar da za ka fita gari. Ranar karɓa ka ba ta minti goma sha biyar. Zagaya ta da bidiyon waya, ka durƙusa ka ɗauki ƙasan bamba na gaba, gefen kowane rim, madubai, rufi da gilashin gaba. Duk ƙarzuwar da babu a takarda, komai ƙanƙantarta, ma'aikaci ya rubuta kafin ka motsa. Ɗauki hoton mitar mai da ta kilomita. Duba but ko akwai safaya, don sababbin motoci da yawa ruwan liƙi da ɗan famfo kawai suke da shi. Rigar nan mai ƙyalli ta zauna cikin mota kusa da kai, domin a Italiya da Austriya sai ka sa ta kafin ka fito in mota ta tsaya maka a babbar hanya. Kafin ka bar wurin ka gwada ribas: a wasu motocin sai ka ɗaga wani zobe da ke ƙasan kan giya, a wasu kuma sai ka danna giyar ƙasa. Ba a bakin gangara da motoci a bayanka ake koyon wannan ba.

Mai ma yana da tarkonsa. A Italiya benzina shi ne fetur, gasolio kuwa dizal ne, kuma kunnen baƙo kan ruɗe da na biyun. Tun 2018 famfunan Tarayyar Turai na ɗauke da alama iri ɗaya da wadda ke jikin murfin tanki: da'ira mai E5 ko E10 fetur, murabba'i mai B7 dizal. Kuskuren da aka fi yi shi ne zuba fetur a motar dizal, saboda bakin famfon fetur siriri ne, yana shiga ba gardama. In haka ta faru, kada ka tayar da inji, kada ma ka murɗa makulli, don famfon mai zai tura shi cikin bututu. Kira lambar agaji da ke kan yarjejeniya a zuƙe tankin. Zuƙe tanki ƙaramin kuɗi ne, gyaran famfo da allurorin mai kuwa babban kuɗi ne, kuma daga aljihunka.

Yanzu ga babban abin da ke cin baƙi a Italiya, wato ZTL. Tsakiyar kusan kowane tsohon gari, Florence, Rum, Pisa, Siena, Bologna har da ƙananan garuruwa, yanki ne da aka taƙaita shigar motoci. Alamarsa farin allo mai jar da'ira da babu komai a cikinta, da rubutun zona traffico limitato, a ƙasa kuma lokutan da dokar ke aiki. Babu shinge, babu ɗan sanda, kyamara ce kawai a kan sanda. Wasu mashigai na da allon lantarki: in ya nuna varco attivo, a rufe take gare ka. Za ka ga motoci na shiga, amma na mazauna ne da tasi masu izini, kada ka bi su. Kowace shiga tararta daban, daga Yuro 80 da wani abu zuwa sama, don haka wanda ya ɓata ya zagaya sau uku yana neman otal ya ci tara uku cikin minti goma. Taswirar waya ba kullum take kauce wa yankin ba. In otal ɗinka na ciki, ka tuntuɓe su tun kafin ka iso su shigar da lambar motarka a rajistar hukuma, ka kuma tambayi mashigar da za ka bi. Mafi sauƙi shi ne ka ajiye a babban garejin bayan ganuwa ku taka. Layin fenti a ƙasa na faɗa maka matsayin wuri: shuɗi na biya ne, fari kyauta sai dai ka duba allo, rawaya an keɓe shi ga wasu.

Kuɗin hanya kowace ƙasa da salonta. A Italiya kana cirar tikiti a mashiga ka biya a mafita gwargwadon nisan da ka yi. Layi mai rawayan allo na masu na'urar Telepass ne, shuɗi na kati, fari na tsabar kuɗi. Suwizalan sitika ce ta Faran 40, ta shekara ce ko da kwana ɗaya za ka yi, akwai kuma ta intanet da ake ɗaurawa a lambar mota tun 2023. Austriya na da ta kwana 10, ana samun ta a gidajen mai na kusa da iyaka ko a intanet, kuma dole ka saya kafin ka hau babbar hanya, ba bayan ka hau ba. Mashigar Brenner da ke haɗa Italiya da Innsbruck na da kuɗinta daban. Manyan hanyoyin Jamus kyauta ne ga ƙananan motoci, amma tsakiyar Munich da wasu birane na bukatar koriyar sitikar muhalli, wadda motar da aka ɗauko daga Italiya ba lallai ta zo da ita ba. Ajiye ta a tashar jirgin bayan gari mai alamar P+R ya raba ka da wannan. Ka lura kuma launin allon babbar hanya kore ne a Italiya da Suwizalan, shuɗi a Jamus da Austriya.

Gudu a babbar hanya kilomita 130 ne a Italiya da Austriya, a Italiya ya sauko 110 in ana ruwa, a Suwizalan 120. A Italiya, Austriya da Jamus allon sunan gari shi kansa umarni ne: da ka wuce shi iyaka ta koma 50 ko ba ka ga lamba ba. Suwizalan ba ta wasa da gudun da ya wuce iyaka, tararta mai zafi ce, babban laifi kuma kotu ke yanke shi gwargwadon samun mutum. Labarin cewa babu iyakar gudu a Jamus rabin gaskiya ne. Sassa da yawa na da iyaka, inda babu kuma hukuma ta ba da shawarar 130, wanda ya wuce haka ya yi haɗari ana iya ɗora masa wani kaso na laifi. Zauna a layin dama, ka shiga hagu don wucewa kawai, ka duba madubi sau biyu, domin fitilar da ka hango can nesa cikin daƙiƙa kaɗan tana bayanka. Wucewa ta dama laifi ne. Tazarar da suke koyarwa a Jamus ita ce rabin abin da mita ta nuna: in kana 120, ka bar mita 60, kuma sandunan gefen hanya tsakaninsu mita 50 ne, da su za ka auna. In cunkoso ya tsaya a Jamus ko Austriya, na layin hagu su matsa hagu, sauran duka su matsa dama, a bar hanyar motar asibiti tun kafin a ji jiniya.

Dokar da ta fi ba baƙo mamaki ita ce ta mahaɗar da babu alama: wanda ya fito daga damarka shi ke da hanya, ko da lungu ya fito kai kana kan miƙaƙƙen titi. Allo mai siffar lu'ulu'u, rawaya da farin baki, shi ke nuna kai ne mai hanya. In ka gan shi da baƙin layi a tsakiya, gatanka ya ƙare. A unguwannin zama masu iyakar 30 a Jamus da Suwizalan wannan doka na aiki sosai. Mai tafiya a ƙasa da ya nufi wurin tsallakawa a tsaya masa, kafin ka karya dama kuma ka waiga kafaɗa saboda masu keke.

To, ina mota ke biyan kuɗinta? A Tuscany, tsakanin Siena, Pienza da Montepulciano, inda garuruwa ke kan tuddai kuma jirgin ƙasa ba ya kai ka ƙofarsu. A duwatsun Dolomite, hanyar Bolzano zuwa Cortina d'Ampezzo, kimanin kilomita 110 ta mashigar Pordoi mai tsayin mita 2,239. A taswira tafiyar awa uku ce, amma ku ba ta yini guda, don duk kwanar hanya sai kun so tsayawa. A Austriya akwai hanyar Grossglockner, kilomita 48 da kwanoni 36 masu kaifi, tana hawa sama da mita 2,500, ana biyan kuɗin shiga, ana rufe ta da dare da kuma duk lokacin hunturu. A Suwizalan zagayen mashigan Furka, Grimsel da Susten na yiwuwa a yini ɗaya, sai dai dusar ƙanƙara kan rufe su daga kaka har farkon bazararsu, saboda haka a duba ko a buɗe suke a safiyar ranar. A kudancin Jamus kuma hanyar da ta taso daga Würzburg ta ratsa Rothenburg ta ƙare a Füssen, kusa da fadar Neuschwanstein. Tikitin fadar na da lokaci a jiki, a saye shi tun da wuri, mota kuma a ƙauyen Hohenschwangau take tsayawa, hawan ƙafa ya fi rabin awa. Wanda ya makara tikitinsa ya mutu.

Wasu wuraren kuma mota ba ta shiga sam. Venice ana ajiyewa a Mestre, Tronchetto ko Piazzale Roma. Zermatt ana tsayawa a Täsch a hau jirgin ƙasa na minti 12. Ƙauyukan Cinque Terre daga La Spezia ake shiga da jirgin ƙasa. Duk inda kuka ajiye, kada a bar komai a fili, ko jaket ko wayar caja, kuma kada a buɗe but ana jera kaya a wurin da za a bar motar. Fasfo a jiki yake zama.

Tuƙin dutse yana da ƙa'ida ɗaya da ba a karya ta: giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka. Wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa, birkin zai yi zafi, ya fara wari, ya yi laushi, ya daina kamawa a daidai kwanar da ake bukatar sa. Sa giya ta biyu ko ta uku inji ya riƙe motar, ka taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci kafin kwana, ka saki. A otomatik ka mayar da ita L ko tsarin hannu. In ka ji wari, ka tsaya a wuri mai faɗi ya huce. A matsattsiyar hanya mai hawa ke da gata a kan mai sauka, babbar mota kuma a kan ƙarama. Bas ɗin gidan waya na Suwizalan, mai launin rawaya, yana busa oda mai murya uku kafin makauniyar kwana, in ka ji ta ka rage ka matsa. Motoci sun taru a bayanka? Ka ratse a wurin tsayawa su wuce, ba abin kunya ba ne. A lissafin lokaci ka ɗauki kilomita 40 a awa kan dutse, kada kuma tuƙin yini ya wuce awa huɗu in kuna so ku ga wani abu ban da kwalta. Asabar ɗin Yuli da Agusta ramin Gotthard na Suwizalan da mashigar Brenner kan cushe na sa'o'i, ku bi su tsakiyar mako ko da asuba. In tafiyar ta hunturu ce, a tabbatar motar na da tayoyin sanyi: a Austriya wajibi ne daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu duk lokacin da hanya ke da ƙanƙara.

Ingila kuwa ka mayar da motar Turai ka ɗauki wata a can, mai sitiyari a dama, otomatik in da hali. Totur da birki da kuloci suna nan yadda ka san su, giya ce ta koma hannun hagu. Abin tunawa ɗaya ne: direba kullum shi ke kusa da tsakiyar titi. Ba a cikin cunkoso ake mantuwa ba, sai da safe a hanyar da babu kowa, ko fitowa daga gidan mai. A shataletale ana juyawa ta hagu, ana ba na dama hanya. Alluna da mil suke: 70 a babbar hanya, kusan kilomita 112 ke nan, 30 cikin gari, a Wales kuma 20 tun 2023. Layi biyu rawaya a gefen titi ba a ajiye mota ko yaushe. Tsakiyar Landan na da kuɗin cunkoso da ake biya ta intanet, babu wanda zai tsayar da kai ya tuna maka.

In an yi haɗari, lambar gaggawa 112 ce a duk ƙasashen nan, har Ingila tana aiki tare da 999. Ɗauki hotuna, karɓi bayanan ɗaya direban, cike takardar rahoton haɗari da ke aljihun gaban mota, kada ka sa hannu a abin da ba ka fahimta ba, ka sanar da kamfani nan take ko da ƙaramar gogayya ce. Ranar mayarwa ka cika tanki a gidan mai mafi kusa ka riƙe rasit. Kwanan haya awa 24 ne daga lokacin karɓa, makarar awa ɗaya na iya zama kuɗin yini. Ka nemi ma'aikaci ya duba ta a gabanka ya ba ka takardar cewa lafiya ta dawo. In ofis a rufe yake, ka sake yin bidiyo har da jefa makulli a akwati. Ka adana takardu da hotunan fiye da shekara, domin hukumomin Italiya na da kwana 360 su aika wa mazaunin waje takardar tara. Cajin da kamfanin haya zai fara cirewa a katinka kuɗin miƙa sunanka ga hukuma ne kawai, tarar kanta tana tafe daban, kuma a Italiya wanda ya biya cikin kwana 5 da karɓar takarda ana rage masa kashi 30 cikin 100.